Garantin ƙari da na saya wa ƙaramar motata ta hannu: abin da suka biya da abin da suka ƙi

Jiya aka kira ni a waya wai garantin motata saura wata ɗaya ya ƙare, ko zan sabunta, har da cewa akwai ragi na musamman in na biya kafin ƙarshen sati. Nace musu zan yi tunani. Gaskiya ba wani tunani da zan yi, na riga na gama lissafina, amma kiran ne yasa nace bari na zauna na rubuta yadda shekara biyun nan ta kasance tsakanina da su, saboda lokacin da nake neman wanda zai gaya min gaskiyar abin ban samu ba, duk wanda ka tambaya ko dai mai sayarwa ne ko kuma wanda aka taɓa ƙi biya yana ta zagi. Ba zan kira sunan kamfanin ba, haka ita ma motar, ƙaramar mota ce dai mai ƙofa biyar, injin fetur ƙarami, giyar hannu.

Don kada kuɗi ya rikita mu, mu ɗauka sabuwarta fil a leda kuɗinta 100 ne. Ni na saye ta tana da shekara 4 a hannun mutum ɗaya, ta yi kilomita dubu 68, na biya 55. Garantin kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya ƙare tun tana shekara 3. A satin ne kuma ƙanwata ta sayi sabuwa, irinta sak sai dai sabon fasali, ta biya 100 ɗin cif, rabi a hannu rabi bashi. Shi yasa nake da abin kwatance a gida, ba sai na je nesa ba.

Ranar da na je ɗaukar motar, an gama ciniki an gama komai ina jiran makulli, sai wani matashi mai fara'a ya ja ni wani ɗan ofis yace yallaɓai zauna minti biyar. Ya buɗe wata takarda mai hoton mota an tsaga ta, ga injin ga giyabos ga burenbos, wato kwamfutar motar, kowanne an ja masa kibiya an rubuta kuɗin gyaransa da jan biro. Yace yallaɓai wannan kaɗai in ya tafi, ya nuna giyabos, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motarka ne, kana da shi a ajiye? Wallahi a lokacin ba ni da shi, duk abin da na tara na zuba a motar. Garantin shekara biyu 4 ne a lissafinmu na sama, wato kusan kashi 7 cikin ɗari na abin da na biya a motar, yace ai kamar kuɗin taya huɗu ne da ɗan ƙari. Na sa hannu. Takardar sharuɗɗan shafi goma sha wani abu ce, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ban karanta ba sai bayan wata bakwai a bakin titi ina jiran janwe.

Abin da ban gane ba a ranar, kuma inaga yawancin mutane haka ne, shine wannan abin sunansa kawai garanti. Garanti na asali shine wanda mai ƙera mota yake bayarwa a cikin kuɗinta, yana cewa in na yi kuskure a ƙira ko kayan da na saka ba su da kyau ni zan gyara. Wannan na ƙarin kuwa inshora ce ta lalacewa, wani kamfani daban ne ya karɓi kuɗinka ya ci caca cewa motar ba za ta lalace ba, kuma shi ya rubuta dokar cacar. A Amurka ma hukumar kare masu saye, FTC, kwangilar gyara take kiransa, ta ce a doka ba garanti bane. Kuma dilan da ya sayar maka yana da kasonsa mai tsoka a ciki, shi yasa ɗan ofis ɗin nan yake da kujera mai laushi, shi yasa kuma farashin yake karɓar ciniki, daga baya na ji wani ya saye irin nawa a ƙasa da abin da na biya don kawai ya miƙe tsaye kamar zai fita.

To ga abin da ya faru. Wata na bakwai fitilar batir ta kama a dashbod, na ɗauka batir ne, kafin na kai inda zan je rediyo ya ɗauke, sitiyari ya yi tauri, mota ta mutu. Altaneta ce. Nan na fara koyon darasi, domin ba a taɓa motar sai ka kira su sun ba da lambar izini, in bakanike ya kwance ko da noti ɗaya kafin nan to ka ja wa kanka. Na kira, wata mata ta ɗauka, a gaskiya ta yi min magana da mutunci, ta ce a kai garejin da ke cikin jerinsu. Aka kai. Kuɗin binciken gano matsalar ni na biya, akwai kuma wani kaso da ake cirewa a kowane gyara wanda dole mai mota ya biya da kansa, sannan kuɗin aikin bakanike suna da iyakar da suke biya a awa, garejin kuma nasu ya fi haka, cikon ni ne. Altanetar da suka amince a saka ba sabuwa bace, gyararriya ce. Kwana 9 motar ta yi a gareji, aikin kansa bai kai awa uku ba, sauran duk jiran amsa ne. Amma dai sun biya, wajen kashi 60 cikin ɗari na jimillar, kuma altanetar har yau tana aiki lafiya. A nan ban da ƙorafi sosai, har na ɗan ji daɗi nace to kuɗina bai tafi a banza ba.

Na biyu kuloci ne, a wata na 13, ta fara santsi a kan tudu, ka taka injin ya yi ta ihu mota ba ta gaba. Wannan ko minti biyu wayar ba ta yi ba. Kayan da ke cinyewa da amfani ba sa ciki. Na koma takardar na duba, gaskiyarsu ne, an jero su, falan kuloci, birki, taya, batir, waifa, kwan fitila, filogi, shokozoba, bel-bel, robobin ƙafa, salansa. Ka karanta jerin nan da kyau sai ka ga ai su ne daidai abubuwan da mota mai shekara 5 zuwa 7 take nema. Injin ƙaramar mota da ake canza wa baƙin mai a kan lokaci ba kasafai yake fashewa haka kawai a kilomita dubu 90 ba. Abin da ke cin kuɗinka a wannan shekarun su ne ƙananan nan, kuma duk an cire su tun farko.

Na ukun shi ne ya ɓata min rai, kuma shi zan ɗan tsaya a kai. Wata na 19 ina kan doguwar hanya da rana, allurar zafi ta ɗan haura tsakiya, ni kuma nace bari na lallaɓa na kai wajen da zan iya tsayawa, bai fi kilomita uku ba. Kafin na tsaya tururi ya fara fita ta gefen bonet, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi na ruwan lagireto. Famfon ruwa ne ya saki, zafin kuma ya ƙona gasket ɗin top, wato abin da ke like kan injin da jikinsa. Bakaniken ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna min, ya koma kamar madara, yace oga ruwa ya haɗu da mai, sai an sauke top. Famfon ruwa yana cikin jerin abin da suke biya, gasket ma yana ciki, na ce alhamdulillahi wannan karon an zo wajen. Sai suka turo mai duba musu, ya zo da ɗan allo a hannu ya ɗauki hotuna, ya tambaye ni tambaya ɗaya cikin sanyin murya, da ka ga allurar ta hau nan take ka kashe? Ni kuma ban iya ƙarya ba, nace na ɗan ƙara gaba kaɗan. Shikenan. Bayan kwana biyar amsa ta zo, za su biya famfon ruwa, amma gasket da wankin top da duk aikin da ya biyo baya lalacewa ce da ta samo asali daga ci gaba da tuƙi bayan alama ta bayyana, sashe kaza sakin layi kaza. Suka kuma ƙara da cewa a rasit ɗina akwai wani sabis da na makara da kilomita dubu biyu da ɗoriya, wanda shi kaɗai ma ya isa su ƙi komai amma sun yi min sassauci. Famfon ruwan shine mafi arha a duk aikin.

Na yi fushi na kwana biyu, na rubuta musu doguwar wasiƙa, daga baya da na huce na ga cewa ba su karya ko layi ɗaya na abin da na sa wa hannu ba. Laifina ne da ban tsaya ba, wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shine yadda aka sayar min da abin, an nuna min hoton injin an ce kwanciyar hankali, ba a ce min kwanciyar hankalin tana rataye da rasit ɗin baƙin mai na bara ba. In za ku saya, ku ajiye kowane rasit, da kwanan wata da kilomita a jiki, ko da na filta ne.

Jimilla dai a shekara biyu na ba su 4, sun biya min gyaran da bai kai 2 ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya ba ni mamaki, wato da muka zauna da ƙanwata muka baje takardu a kan tebur. Ita a shekara biyun nan ko sau ɗaya ba ta tsaya a hanya ba, sabis kawai take kai wa wajen dila, sau ɗaya wata sensa ta yi gardama aka canza mata kyauta har da wanke motar. Tace Yaya ka gani ko, da ka ji maganata da ba ka sha wannan wahalar ba. Nace to bari mu tambayi nawa za a sayi taki yau. Muka duba irinta masu shekara biyu a kasuwa, wajen 70. Wato 30 ta narke ba tare da ta ga rasit ko ɗaya ba. Tawa da na saya 55 yanzu za ta yi 44, ta faɗi da 11. Ka ɗora gyaran da na yi daga aljihuna, kuloci da gasket da taya da batir da cikon altaneta, wajen 7, ka ɗora garantin 4, ya zama 22. Ita 30, kafin a saka ruwan bashin da take biya, da inshorarta da ta fi tawa tsada tunda da darajar mota ake lissafa ta, da sabis ɗin dila da ya kusa ninka na garejina. Mai kuwa tata ta fi tawa tsimi amma kaɗan ne, a ƙananan motoci bambancin shekara huɗu ba ya cike wannan ramin. Tayi shiru can tace amma dai ni ban taɓa jiran janwe a rana ba. Wannan kuma ba ni da amsarsa, gaskiya ta faɗa, kuma ga wanda aikinsa ba ya jure makara ko mai ɗaukar yara kullum, wannan abin yana da kuɗinsa.

Faɗuwar daraja ita ce babban kuɗin sabuwar mota, kusan kashi 20 cikin ɗari a shekarar farko kaɗai a yawancin motoci, zuwa shekara biyar kuma an doshi rabi, sai dai ba ta zuwa da ƙara ko hayaƙi shi yasa ba ta da zafi. Gyaran ta hannu kuwa a fili yake, ka ga bakanike, ka ga kayan a ƙasa, ka ƙirga kuɗi ka miƙa, sai ka ji kamar an cuce ka alhali in aka tara wataƙila kai ne a gaba. Tsoron nan na mai sayen ta hannu ma ba sabon abu bane, tun 1970 wani masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi rubutu a kan kasuwar motocin hannu, cewa mai sayarwa ya san aibin motarsa mai saye bai sani ba, don haka mai saye yake zargin kowace mota, a 2001 har kyautar Nobel ya samu. To a kan wannan zargin ne kamfanonin garantin nan suka kafa shagonsu.

Ba wai nace kowa ya guje shi bane. Akwai motocin da in ni ne ba zan ajiye su ba tare da wata kariya ba, musamman ƙananan motoci masu giyar otomatik ta zamani. Ku tuna abin da ya faru da giyar PowerShift a Ford Fiesta da Focus na wajen 2011 zuwa 2016, mota tana karkarwa tana fizga, har aka kai su kotu kuma Ford ɗin da kansa ya tsawaita garantin kulocin zuwa shekara 7 ko mil dubu 100. Nissan ma ya taɓa ninka garantin giyar CVT na motocin 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil dubu 120. Sai kuma ƙananan injina masu tayimin bel da ke wanka a cikin baƙin mai, irin 1.2 PureTech na Peugeot da Citroën, bel ɗin yana marmashewa ya toshe hanyar mai, har Stellantis, kamfanin da ya mallaki Peugeot da Citroën ɗin, ya ƙara musu kariya zuwa shekara 10. Irin waɗannan gyara ɗaya zai iya cinye kuɗin garanti ninki uku. Amma ku lura, a duk misalan nan mai ƙera motar ne ya ƙara garantin kyauta, don haka kafin ka biya wani ka fara ɗaukar lambar shasi ka tambayi dilan kamfanin ko akwai wani ƙari ko kiranye a kan motar, wato kamfanin ya ce a dawo da ita a gyara wani aibi. Kiranye na lafiya, kamar na jakar iska ta Takata da ya shafi miliyoyin motoci har kamfanin ya durƙushe a 2017, kyauta ake yi ko kai ne mai motar na biyar.

Abin da da na sani da shi zan yi shine neman mota mai shekara 2 ko 3 wadda garantinta na asali bai ƙare ba. Kamfanoni da yawa shekara 3 suke bayarwa, Toyota a ƙasashe da dama shekara 3 ko kilomita dubu 100, amma Kia a Turai shekara 7 ne ko kilomita dubu 150 kuma yana bin motar in an sayar, Hyundai a can shekara 5 ba iyakar kilomita. Kaga Kia Picanto mai shekara 3 tana da saura 4 na garantin gaske, wani ya riga ya sha faɗuwar darajar a madadinka. Sai dai a bincika, domin sharaɗin yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, misali a Amurka Hyundai yana ba da shekara 10 ko mil dubu 100 a kan injin da giya amma na mai motar farko ne kawai, na biyu shekara 5 ko mil dubu 60 yake samu. Kuma motar da aka shigo da ita daga wata ƙasa sau da yawa garantinta ba ya tsallako iyaka tare da ita, wannan mutane da yawa ba sa tambaya.

In kuma dole sai ka sayi na ƙarin, to wanda mai ƙera motar yake sayarwa da sunansa ya fi na kamfanin waje sauƙin sha'ani, ko ba komai kayan asali za a saka maka. Ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, duk wanda yace sai yau-yau ka san da walakin. Ka fara karantawa daga shafin abin da ba sa biya. Ka duba ko irin wanda ya jero abin da ya ƙunsa ne kawai, wanda duk abin da ba a ambata ba babu shi, ko kuwa wanda ya ƙunshi komai ban da abin da aka cire, na biyun ya fi amma ya fi tsada. Ka duba iyakar abin da za su biya a gyara ɗaya, nawa ashe ba zai ma isa canza giyabos ɗin da aka tsorata ni da shi ba, sai yanzu na lura. Akwai kuma kwanakin jira a farko, nawa kwana 30 ne, duk abin da ya lalace a ciki ana ɗaukarsa tsohon ciwo ne. Sannan ka tambayi waye ainihin mai biyan kuɗin in kamfanin ya rufe, ko akwai kamfanin inshora a bayansa, domin irin waɗannan kamfanonin suna rufewa.

In maki zan ba su, biyu da rabi cikin biyar. Ma'aikatan waya suna da ladabi, janwe ya zo duka sau biyun a cikin awa ɗaya da wani abu, wannan kam na yaba, inaga ma shi ne abin da na fi amfana da shi kuma ana samunsa shi kaɗai da arha. Jinkirin amsa ya yi yawa, ba sa ba da motar aro, kuma farashin sabuntawar da suka kira min jiya ya fi na farko da kusan rabi tunda motar ta ƙara tsufa ta haura kilomita dubu 100, jerin abin da suke biya kuma ya ƙara gajarta, an cire kwamfuresan AC da kayan lantarki da yawa.

Tun bayan maganar gasket na buɗe wani asusu daban, duk wata ina jefa abin da da zan ba su, na sa masa suna mota don kada hannuna ya kai. Tayimin bel ɗina ya kusa lokaci, shi ma dama ba ya cikin garantin, kuma in ya tsinke a irin injina bawul da fistin ne za su gaisa, don haka wata mai zuwa zan kai a canza. Akwai kuma wata 'yar ƙara da take yi a ƙafar gaba ta dama in na hau ƙwalbati a hankali, ƙwas ƙwas, bakanike yace robar sitabilaiza ce, na duba takardar don nishaɗi kawai, tana shafi na 9 a cikin abin da ba sa biya.